Ranar da 'Ya'yana Suka Raba Dabino a Faretin Masu Tutar Bakan Gizo

Shekarun baya, tun 'yata ba ta fara famfara ba, na yi wata tafiya da har yau idan ta faɗo mini a rai nakan tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai a bayan kanta, har abokan aikina a saidaliyya, wato kantin magani, su tambaye ni ko lafiya. Ku da kuke bibiyata kun saba jin surutuna a kan maganin hawan jini da illar shan ƙwaya barkatai. Yau ba wannan ya kawo ni ba. Labarin ƙanena zan ba ku, kuma tun da wuri ina roƙon masu neman fatawa su yi gaba, ni harhaɗa magani na karanta.

Mu biyu ne a wurin mahaifiyata, ni da shi, da tazara mai yawa a tsakani, shi ya sa kowa ke ce masa Auta. Koyarwa ce ta kawo mahaifinmu Madina daga Najeriya, a wani tsohon gida kusa da Anbariyya muka tashi. Ni aka tura ni Zariya na yi karatu na dawo, na yi aure, muka tare ta wajen Awali. Shi kuma bayan rasuwar mahaifinmu ya samu gurbin karatun jinya a Kanada, ya gama, ya kama aiki a Toronto. Ana cikin zancen yaushe zai dawo a yi masa aure, sai wani ɗan'uwanmu mai kaifin ido ya ci karo da hotonsa, ya kuwa yi abin da masu kaifin ido suka saba, ya watsa wa dangi kaf. Ƙanena da wani namiji yake zaune, zaman da ba na abokan haya ba. Da aka tambaye shi bai yi musu ba.

Dangi suka yi hayaniyarsu suka gaji, sannan kowa ya goge lambarsa. Mahaifiyata, wadda a lokacin ta dawo wurina da zama, ba ta tsine masa ba, ba ta kuma yi kuka a gaban kowa ba. Sunansa kawai ta daina faɗa. Ni ce ban iya ba. Nakan kira shi a mota idan na ɗauko yara daga makaranta, mu yi hira har ƙofar gida, sannan in kashe in shiga da fuskar wadda ba ta yi komai ba. Ɗana da 'yata sun san akwai wani Khalu, wato kawu a bakin 'ya'yan Madina, wanda muryarsa ke fitowa daga jikin mota tana ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Fuskarsa ce ba su sani ba, domin ko kiran bidiyo bai taɓa yarda an yi ba.

Sai ga shi wurin aikina sun tura ni wani ɗan kwas a Toronto, ya kuma faɗo daidai hutun makaranta. Maigidana, mutum ne da ba ya son dogon zance, ya ce in tafi da yaran. "Ki ga ɗan'uwanki," in ji shi. "Zumunta a ƙafa take, ba a cikin mota ba." A ranar na gane ashe duk ɓoye-ɓoyen da nake yi a banza ne, 'yata ta daɗe da kai masa rahoto. Mahaifiyata kuwa da na gaya mata garin da za mu, sai ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ci gaba da jan carbinta.

Ba a barin Madina hannu rabbana. Maƙwabcinmu mai gona a Awali ya cika mini kwali da dabinon ajwa da safawi, zaɓaɓɓu, na ce wannan na Auta ne. Da kaya suka yi nauyi a filin jirgi takalmana na fitar na miƙa wa maigidana ya koma da su gida, dabinon ya wuce.

Muka sauka lafiya, ƙanena kuwa ya shiga wasan ɓuya. Yau aikin dare, gobe mura, jibi an kira shi asibiti da gaggawa. Kullum yana kira, kullum da fara'a, har ya turo mana abinci masauki, amma ƙeyarsa ban gani ba. Kwas ya ƙare, jirginmu na Litinin ne, ga Asabar ta zo. Na kira shi bayan la'asar, wannan karon ba a gaban yara ba.

"Auta, gobe Lahadi ba ka da aiki. Kai ka gaya mini da bakinka tun ina Madina."

Ya ce, "Yaya, gobe akwai fareti. Irin namu. Kin dai gane. Ina cikin ayarin ma'aikatan asibiti, kowace shekara ina shiga."

"To, bayan faretin fa?"

"Ba faretin ba ne matsalar. Ki bar ni a waya, Yaya. A waya ni Khalu ne, yara suna so na. Idan kika gan ni da idonki za ki koma gida da abin da ba za ki iya ɗauka ba, daga nan wayar ma ta mutu. Na rasa kowa, ke kaɗai kika rage. Ba zan yi caca da ke ba."

Kafin in buɗe baki ya kashe. Na sake kira, a rufe.

Na san faretin da yake nufi. Tun da muka zo garin nake ganin tutoci masu launin bakan gizo a jikin shaguna da bankuna, na kuma san bikin shekara ne na masu son jinsinsu da sauran ire-irensu, mutanen da a gida muke kira da sunayen da ba zan maimaita a nan ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro na ji. Mace mai abaya, mai iƙama, wato takardar zama da aiki, a Madina, ta kwashi yara ƙanana ta kai su irin wannan wuri? Hoto ɗaya ya isa, kuma na riga na san aikin da hoto ɗaya ya yi a gidanmu. Ga tunanin abin da yaran za su gani, da tambayoyin da za su yi mini waɗanda ban tanadi amsarsu ba. Amma na san halin ƙanena, taurin kan mahaifinmu ya kwaso bai rage ba. Idan na hau jirgin Litinin ban gan shi ba, shi ke nan an gama, zai zama murya har ɗayanmu ya mutu.

Da safe ina cikin wannan saƙa da warwara sai ga 'yata ta fito, ta sa rigar sallarta da kanta, a baibai, ta tsaya a gabana.

"Ummi, yau za mu ga Khalu? Inti gulti, ke kika ce."

Ni na ce, gaskiyarta. Na gyara mata rigar, na ce su sa takalma.

Abu ɗaya da ba a koya wa uwar Madina shi ne shiga taro da yara. Wadda ta saba kutsawa Harami a goman ƙarshe na azumi da yaro a kowane hannu, wane taro ne zai ba ta tsoro? Na rubuta lambar wayata a damtsen kowannensu, na sa musu huluna iri ɗaya, na ce kowa ya riƙe gefen abayata, wanda ya saki zai gamu da ni. Na ɗauki lema da gorunan ruwa, na rungumi kwalin dabino. A cikin jirgin ƙasa na yi musu huɗuba: za mu je wuri mai mutane da yawa, Khalu yana cikinsu, za su ga shiga iri-iri, ba a nuna mutum da yatsa, ba a yi wa kowa dariya. Ɗana, wanda ya fi ta wayo da 'yan shekaru, ya ce, "Tayyib," wato to, yana kallona da alamar ya san akwai saura.

Tun daga bakin tasha muka fara jin ganguna. An tare babban titi da shingen ƙarfe hagu da dama, 'yan kallo a bayan shinge, masu fareti a tsakiya suna tafe ayari bayan ayari. Launi kuwa ba a magana, ja da kore da ruwan ɗorawa da shuɗi, a jikin tuta, a jikin riga, a gashi, har a jikin karnuka. Ni kaɗai ce baƙa wuluk daga sama har ƙasa, kamar ƙuda a ƙwaryar nono. Na ɗaure fuska ina jiran wanda zai fara gaya mini magana, har na shirya amsa da Turancina na asibiti. Ba wanda ya tanka. Wasu mata biyu ma da suka ga yara sai suka matsa, suka tura su gaba jikin shinge don su gani da kyau, na rasa inda zan kai amsar da na tanada.

Ba a jima ba wasu maza suka wuce ba riga, da ɗan ƙyalle a ƙugu. Na yi wuf na rufe wa 'yata ido da tafin hannu, ɗayan hannun kuma yana rungume da kwali, saboda haka ɗana ya sha kallo. Ya ja abayata ya raɗa mini, "Ummi, ihraminsu ya yi musu kaɗan." Na ce ya yi mini shiru, ina cije leɓe kada dariya ta tona ni.

Dariyar ba ta daɗe ba. A tsallaken titi na hango wata tsohuwar Baturiya, kai fari fat, tana riƙe da kwali da aka rubuta cewa duk wanda uwarsa ta guje shi ya zo ta rungume shi. Kuma suna zuwa. Manya-manyan mutane masu gemu suna fita daga layi su faɗa jikinta suna sheshsheƙa. Abin da na ji a raina, da na duba shi da kyau, sai na ga kishi ne tsagwaronsa. Wato shekarun nan duka a jikin uwar wasu ƙanena yake kuka, alhali tasa tana raye a ɗakina, ni ma ban mutu ba.

Na fara nemansa da gaske. Ashe ayarin ma'aikatan asibiti ba ɗaya ba ne, kowane asibiti da nasa, wasu a ƙasa, wasu a kan manyan motoci. Duk baƙin mutum dogo da na hango sai in ɗaga murya, "Auta! Auta!" ganguna su haɗiye kiran. Rana ta take, zufa ta jiƙa mini mayafi, wayarsa har yanzu a rufe. Ayarin asibiti na ƙarshe da na gani ya wuce ta can ɗaya gefen titin, mota ta kare mini rabinsu. Na ajiye kwalin a ƙasa tsakanin yaran, na juya musu baya kamar ina duba waya, don kada su ga idona.

Muryar 'yata ce ta juyo da ni.

"Tafaddal ya hajj! Sabil! Sabil!"

Wanda bai zauna Madina ba sai na yi masa bayani. A garinmu idan baƙi suka cika gari, yara kan tsaya a hanyoyin da ke zuwa Harami ko masallacin Ƙuba da faranti na dabino da butar gahawa da ruwan sanyi, suna raba wa masu wucewa kyauta. Shi ne sabil, tafaddal kuma shi ne bismillarsu. Ba miƙawa kawai ake yi ba, roƙon baƙo ake yi ya karɓa, har a riƙe masa hannun riga. Yarana tun suna tatata babansu ke kai su. To 'yata ta ga mutane suna tafe ƙungiya-ƙungiya cikin rana, kowace ƙungiya da riga iri ɗaya, da jagora a gaba ya ɗaga tuta a sanda, suna zufa. A duk iya saninta na duniya mutane iri ɗaya ne ke tafiya haka, alhazai. Ga dabino a gabanta. Sai ta ɓalle kwalin, ta cika hannu, ta zura ta tsakanin ƙarafan shinge.

Ɗana ya san ba alhazai ba ne, na gani a idonsa. Amma ba zai tsaya ƙanwarsa ta kwashe lada ita kaɗai ba. Ya ɗaga kwalin ya ɗora a kan shinge, ya gyara tsayuwa irin ta babansa.

Wanda ya fara tsayawa wani zabgegen mutum ne, ga fukafukai a bayansa, ga takalmi mai tsini, gemunsa yana ta ƙyalli. Ya rusuna har ƙasa daidai tsayin 'yata, ya tambayi nawa ne. Ɗana ya dafa ƙirji ya ce masa da Turancin makaranta ba a biya, shi baƙo ne. Mutumin ya ɗauki ajwa ɗaya ya sa a baki, ya lumshe ido, shi ma ya dafa ƙirjinsa kamar yadda ya ga yaron ya yi. Sannan ya juya ya ƙwala wa 'yan ayarinsa kira.

Na ce, "Ke! Na Khalu ne fa!"

Ta ɗago ta dube ni da mamaki. "Ummi, haram. Baƙi ne, rana tana dukansu."

To me zan ce? Ni na koya mata ba a hana baƙo. Kafin in samo hujja an yi layi. Tsofaffi, matasa, masu keken guragu, masu ganga, har da wani ɗan sanda. 'Yata tana kiran kowa hajj, mace da namiji da wanda ban iya tantancewa ba, ɗana yana riƙe hannun rigar duk wanda ya ce ya gode ba zai ci ba, har sai ya karɓa. Wasu suka cika hannu suka ruga su kai wa abokansu a gaba. Ni kuwa da na ga suna rasa inda za su jefa ƙwallayen, sai na tsinci kaina na buɗe leda ina tara musu. Ga babbar mai harhaɗa magunguna, an turo ta kwas ƙasar waje, ta ƙare a tattara ƙwallon dabino a bakin titi.

Kwalin ya kusa ƙarewa, ina cewa a raina ba ƙane ba tsaraba, sai na hango wani yana kutsowa ta baya-baya, kowa ya nufi gabas shi ya nufi yamma, yana ture mutane yana ba su haƙuri, yana leƙa jikin shinge. Tafiyar na fara ganewa kafin fuskar. Daga baya ya ba ni labari cewa ayarinsu ya yi nisa, sai wata abokiyar aikinsa ta cim masa ta sa masa dabino a hannu, ta ce wasu yara ne a baya suke rabawa kyauta, suna kiran kowa da wani suna wai hajj. Ya ce ko ɗanɗanawa bai yi ba. Gari ɗaya ne a duniya ke haifar irin waɗannan yara, kuma ya san su waye suka zo daga can.

Ya tsaya nesa kaɗan da mu yana haki. Ya rame, furfura ta fara masa a gefen kai, ga zanen tutar nan a kumatunsa. Da ya ga inda idona ya sauka sai ya ɗaga hannu zai goge.

Na ce, "Bar shi. Na riga na gani."

"Yaya, kin haukace ne? Nan kika kawo su?"

"Kai ka ce nan kake. Da ka ce kana gidan zu da can muka je."

'Yata ba ta san abin da ake ciki ba, ta ga dai wani alhaji ya tsaya bai karɓi rabonsa ba. Ta miƙa masa. "Tafaddal ya hajj."

Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce mata, "Allah yataƙabbal, ya ƙaramar Ƙoƙi."

Ɗana ya saki kwalin. "Ummi! Muryar mota ce! Khalu ne!"

Abin da ya biyo baya ban koya masa don wannan rana ba, tarbiyyar kakarsa ce. Yaron nan ya zube a kan kwalta, a tsakiyar ganguna da fukafukai, ya ce da Hausarsa mai ƙamshin Larabci, "Kawu, ina wuni. Mun same ku lafiya?" Sannan ya miƙe ya kamo kan kawunsa ta saman shinge ya sumbaci goshinsa, yadda ake yi wa manya a Madina. Ƙanena ya haura shingen, ya tattara su biyun a ƙirjinsa, ya fashe da kuka irin wanda rabona da jin sa tun yana ɗan firamare. Na sa lema na kare mu, na dafa kansa, ni ma na saki nawa. Mutanen da ke kewaye suka hau tafi da sowa ba tare da sun san me aka yi ba. Na ɗaga ido na nemi tsohuwar nan mai kwali a tsallake, ina so ta gani, wannan dai yana da masu shi.

Akwai wani da ya biyo shi a guje, ya tsaya can gefe yana murza hula a hannu. Ba sai an gaya mini ko wane ne ba. Ƙanena ya dube ni, tsoron jiya ya dawo masa fuska. Mutumin ya matso ya ce, "Sannu, Yaya," da wata Hausa da aka ji jiki kafin a haddace ta. Ban san sunan da zan kira matsayinsa da shi ba, har yau ban sani ba. Abin da ya zo bakina shi na faɗa: na tambaye shi ko shi ne ba ya ba ƙanena abinci, ya bar shi ya zama kamar sandar rake. Ya rantse yana dafawa, Auta ne ba ya ci. Muka haɗu muka yi masa faɗa tare, shi kuma yana tsaye da 'yata a wuya yana dariya da hawaye.

Mun wuni tare. A wurin cin abinci ɗana ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Ummi, ba alhazai ba ne, ko?"

"Ba su ba ne."

"To su waye?"

Na ce masa mutane ne irin Khalu, waɗanda a wurare da yawa ake kora daga gida, shi ya sa suka ware rana guda suna fitowa tare don kada kowa ya ji shi kaɗai ne. Na ce sauran bayanin sai ya ƙara girma, kuma ni zan yi masa da kaina. Ya yi tunani, sannan ya fito da ainihin abin da ke damunsa. "To ladanmu fa? Ya tafi?" Na ce masa tun da nake ban taɓa jin an ce a duba fasfon mai jin yunwa kafin a ba shi abinci ba. Ya saki ajiyar zuciya ya koma kan dankalinsa.

Da za mu koma ban koya wa yaran ƙarya ba. Na dai ce musu labarin Khalu na cikin gida ne, ba na makaranta ba. Ban yi la'akari da cewa kakarsu ma a cikin gida take ba. Muna shiga, mahaifiyata tana zaune a kan darduma, 'yata ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa cinyarta.

"Sitti! Mun ga Khalu! Ya ɗauke ni a wuya! Ya yi kuka kamar jariri!"

Na daskare a bakin ƙofa da akwati a hannu. Carbin ya tsaya. Mahaifiyata ba ta dube ni ba, kan yarinyar take shafawa, ta daɗe tana shafawa. Can ta ce, kamar da bango take magana, "Yana cin abinci kuwa?"

Na ce, "Ya rame, Hajiya."

Ta miƙo hannu. "Kira mini shi."

Na danna lambarsa, na sa mata a kunne. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi komai ba. Ta ce, "Auta," sau ɗaya, sunan ya fito da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Na kwashi yaran muka ba su wuri.

Kada ku ɗauka komai ya warware. Akwai dangin da har gobe ba sa amsa gaisuwata. Ni ma ban sauya addini ba, ban zama malama ba, akwai tambayoyin da na kai gaban Allah na ajiye domin sun fi ƙarfina. Abin da na koya ɗan kaɗan ne. Na tafi ina tsoron abin da yarana za su gani, ashe ni ce mai buƙatar a nuna mini. Ni na ga tuta da fenti da abin da mutane za su ce, su kuma suka ga baƙi cikin rana. Hausawa suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Nawa hannun bai ma ruɓe ba, nisa ya yi, kuma sai da na taka da ƙafata na je na kamo shi. Duk abin da na yi a rayuwata, karatu da aiki da sauransu, ba wanda nake alfahari da shi kamar wannan tsayuwa da na yi a bakin titi da ledar ƙwallaye a hannu.

Bayan 'yan shekaru ciwo ya kwantar da mahaifiyata. Ƙanena ya ɗauki hutu ya zo Madina, karo na farko tun tafiyarsa. Shi ya yi jinyarta, shi ke juya ta, shi ke ba ta abinci a baki, tana yi masa faɗan bai iya dama kunu ba. A hannunsa ta cika. Mata ba sa shiga maƙabartar Baƙi'a, saboda haka a waje na tsaya bayan an yi mata salla a Harami, ina kallon maza sun shige da ita. Da suka fito na hango shi a cikinsu, gwiwoyin rigarsa duk ƙasa. Ya zo ya tsaya a gabana ya buɗe mini tafukansa.

"Yaya," ya ce, "ni na shiga na karɓe ta. Da hannuna na kwantar da ita."